Amsar tambaya kan farin garin da ke faɗowa maimakon keji

Assalamu alaikum. Malama, na saurari tambayarki: kin haɗa sinadarai biyu, aldehayid da amin, kina son keji, wato ƙwayar sinadari mai rami a ciki, sai farin gari ya faɗo wanda ba ya narkewa a komai. To, yawanci folima ce, wato doguwar sarƙar ƙwayoyi da ba ta rufe ta zama keji ba. Tubalan, wato aldehayid da amin ɗin, sun kama juna da gaggawa, sun faɗo daga ruwa kafin su gyara kuskure. Amfanin haɗin imin, wato ƙullin da ke tsakanin aldehayid da amin, ai shi ne yana ƙulluwa yana warwarewa. Abin da ya riga ya faɗo kuwa gyaransa sai da wuya.

Mu ɗauki CC3, kejin da rukunin Andrew Cooper na Jami'ar Libaful suka fitar a 2009. Tirayifomilbenzin (shi ne aldehayid ɗin) guda 4 ne da dayamin ɗin saikuloheksan (shi ne amin ɗin) guda 6, haɗin imin 12, ruwa 12 ya fita. Wato mol (ma'aunin adadin ƙwayoyi) ɗaya na aldehayid da mol ɗaya da rabi na amin: in kin auna giram 1 na farkon, na biyun kusan giram 1.06. Ki narkar da kowanne a dikloromitan, ki sa ɗan ɗigon asid ɗin TFA, ki zuba amin ɗin a hankali ya kwanta a sama, kar ki juya, ki rufe ki bar shi wasu kwanaki. Asid ɗin kaɗan fa. In ya yi yawa yana kama amin ɗin ya hana shi aiki. Kuma ruwan haɗin kar ya yi kauri, kaurin ne ke haifar da folima.

Sai siffar tubalin, nan ne aikin yake. Zoben saikuloheksan yana riƙe naitirojin biyun na amin ɗin a kusurwa ɗaya, ba sa lilo. In kika sa sarƙa mai lanƙwasa, lissafi ya canza: kabon biyu tsakanin amin ɗin yana ba da keji na aldehayid huɗu da amin shida, kabon uku kuma ƙaramin keji na biyu da uku. Kabon ɗaya tak! Kuma ki duba kwalbar amin ɗinki, don yana da siffa biyu kamar hannun dama da na hagu: hannu ɗaya ne, R,R, ko gaurayen dama da hagu? Kejin gaurayen yana saurin faɗowa, don haka ki gwada garin kafin ki zubar, wataƙila keji ne ba folima ba.

Tabbatarwa: a NMR, na'urar da ke nuna siffar ƙwayar sinadari, alamar aldehayid wajen 10 ta ɓace, ta imin ta fito wajen 8.2, siririya. In sun yi faɗi sun cakuɗe, ba keji ba ne. Nauyin ƙwayar kejin wajen 1117.

Kar ki bi da kejin ta silika wajen tsarkake shi, tana iya warware imin ɗin. Ki tace ki wanke kawai. Masu mayar da imin ɗin amin da sodiyam borohaidirayid don ya yi ƙarko kuma, su sani kejin yana lotsewa ramin ya toshe, sai an ɗaure amin ɗin da fomaldehayid. Ki turo hoton NMR ɗin mu gani.