Tambaya da Amsa: Injiniyan Sojan Kanada da Ya Hana a Fasa Gada

Tambaya: Na ji an ce injiniya ɗaya tak ne a sojan Kanada ya taɓa samun lambar jarunta ta Victoria Cross. Wane ne shi? Kuma me injiniya zai yi har ya kai ga haka, alhali aikinsa gini ne?

Amsa: Gaskiya ka ji, Malam. Sunansa Coulson Norman Mitchell, haifaffen Winnipeg a 1889, ya yi karatun injiniya a Jami'ar Manitoba. Amma kada ka ɗauki injiniyan soja a matsayin magini kawai. Sau da yawa shi ke riga kowa isa bakin daga, domin sai ya buɗe hanya sauran za su wuce. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, Mitchell ya yi aiki da masu haƙa ramuka a ƙarƙashin ƙasa, har ya sami lambar Military Cross.

Abin da ya ɗaga sunansa ya faru ne a daren 8 zuwa wayewar 9 ga Oktoba 1918, kusa da Cambrai a Faransa. Jamusawa na ja da baya, sun ɗaura nakiyoyi a gadojin mashigin ruwan Escaut. Da sun tayar da su, da dakarun Kanada sun yi cirko-cirko a bakin ruwa, harsashi na zuba a kansu. Kyaftin Mitchell ya ja 'yan mutane kaɗan suka yi gaba. Gada ta farko sun tarar an riga an fasa ta. Ta biyu ya yanke wayoyinta. Sannan cikin duhu ƙirin ya ruga ya haye babbar gadar, bai san yawan abokan gaba da ke tsallake ba, shi da mataimakinsa suna lalube da hannu suna datse waya.

Suna cikin haka Jamusawa suka yo kukan kura don su tayar da nakiyar, suka raunata sojan Mitchell da ke gadi. Mitchell ya kai masa ɗauki, ya kashe uku, ya kama 12, ya riƙe bakin gadar har taimako ya iso. Abin da ya fi girgiza ni shi ne bayan wannan ya koma kwance nakiyoyin ana ta ɓarin wuta, yana sane cewa kowane lokaci za su iya tashi da shi.

Ya sake sa kaki a Yaƙin Duniya na Biyu, ya kai muƙamin laftanar kanar. Ya rasu a 1978.