Wa ke da alhakin daƙile hauhawar farashi?

Malam, ka tambaya ko gwamnati ce ko babban banki ke da alhakin daƙile hauhawar farashi. Dukkansu suna da hannu, amma kowa da makaminsa. Gwamnati tana amfani da haraji da kasafin kuɗi, shi kuwa babban banki yakan ɗaga kuɗin ruwa domin bashi ya yi tsada, sayayya ta ragu. A ganina, ƙoƙarin bankin zai tashi a banza muddin ana cike giɓin kasafi da buga sabon kuɗi.

Mutane kan yi kuskuren tsammanin sakamako nan take, alhali tasirin ɗaga kuɗin ruwa yakan ɗauki watanni, kuma ba ya magance tsadar da ƙarancin kaya ya haifar. Idan bashi kake shirin karɓa, ka tuntuɓi masanin harkar kuɗi tukuna.