Ku Tambayi Anti: Awa nawa zan ware wa nunin zanen ƙanena?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Ƙanena ne yake gama karatun zane-zane a ABU Zariya, za su baje ayyukansu a ɗan zauren sashensu, ya dame ni wai sai na zo. Ni a Kaduna nake aure, maigida ya yarda zai kai ni amma ya ce ana la'asar za mu kamo hanya, wai kallon hoto a bango ai minti goma ma ya yi yawa. Shi kuma yaron cewa yake in ware wuni guda. Zanen ya ce ba za su wuce arba'in ba. Ban taɓa shiga irin wajen nan ba, dan Allah nawa ne daidai? Maman yara biyu, Kaduna.

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanwata, Allah Ya sa albarka a karatun yaro. Ki ware awa ɗaya a cikin zauren, ki ɗora rabin awa a kai na hira da gaishe-gaishe, shikenan. Maigida ya rage da yawa, ƙanenki kuma ɗoki ne yake ɗibarsa.

Amma fa kar ki ga laifin maigidan, lissafinsa bai yi nisa da yadda yawancin mutane suke yi ba. A 2001 an yi wani bincike a babban gidan zane na Metropolitan da ke New York a Amurka, aka riƙa ƙirga tsawon tsayuwar masu kallo a gaban zane, sai aka samu a matsakaici kamar sakan 27 ne mutum yake yi ya wuce. Ki buga 27 sau 40, minti 18 kenan kin gama zauren kakaf. To amma wanda ya yi irin wannan kallon in kika tare shi a bakin ƙofa kika ce wanne ya fi burge ka, sai ya hau sosa ƙeya, don bai ga komai ba, wucewa kawai ya yi.

Ki yi yadda muke yi in mun shiga Kantin Kwari sayen atamfa, ai ba a rumfar farko ake zube kuɗi ba, zagayawa ake a ƙare wa kaya kallo sannan a dawo wajen wadda ta tsaya a rai. Zagayen farko minti goma zuwa sha biyar, kar ki karanta ƴan takardun da ake mannawa a gefe, kar ki ɗaga waya, ki bar ido ya yi aikinsa. Za ki ji guda uku ko huɗu sun riƙe ki, wani don launinsa, wani ma don ya ba ki haushi kin kasa gane kansa, shi ma ki sa shi a lissafi. Su za ki koma wa, kowanne ki ba shi minti biyar ko fiye, ki tsaya daga nesa ki ga hoton gaba ɗaya sannan ki matso kusa ki ga yadda aka ɗora fenti, inda ya yi kauri da inda buroshi ya ja da sauri, don zanen fentin mai abin da yake nunawa daga taku biyar daban yake da abin da za ki gani in kin kusa sa hanci. Sai a lokacin ki karanta sunan aikin da na mai shi.

Rabin awar nan da na ce ki ƙara, wallahi ita ce ribar ƙaramin waje. A manyan gidajen nuni mai zanen ya daɗe da mutuwa ko yana wata ƙasa, nan kuwa ga shi tsaye a gefe yana satar kallonki yana jiran ki yi magana. Ki tambayi yaran me ya sa suka zaɓi abin da suka zana, wata nawa ya ci, da me aka yi shi, za ki sha labari har sai kin ce ya isa. Kuma ki fara da na abokan ƙanenki ki bar nasa ya zama na ƙarshe, in ba haka ba a gaban nasa za ki ƙare awarki ana ɗaukar hoto.

Ki sani kuma ba ƙaramin gida ɗan'uwanki ya fito ba. Tun kafin a kafa ABU a 1962 ake koyar da zane a Zariya, kuma a 1958 ɗaliban wajen irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu suka ce ba za su tsaya kwaikwayon Turawa kaɗai ba, sai sun haɗa da fasahar gida, har aka riƙa kiransu ƴan tawayen Zariya. Ki faɗa wa maigida wannan a mota, ƙila ya ƙara miki minti ashirin. A waje kuma akwai filin da ɗalibai suke girke mutum-mutumi na siminti da ƙarfe, in kuna da ra'ayi minti goma ya isa, in ba ku so ku wuce abinku ba dole.

Hanya ita ce za ta ci miki lokaci ba zanen ba. Kaduna zuwa Zariya wajen kilomita 80 ne, sannan jami'ar tana Samaru, sai kun wuce Kwangila kun ƙara tafiya, ga binciken bakin get. Ku fito da hantsi ku isa kafin sha ɗaya, ku gama kafin azahar ku yi salla ku ci abinci, la'asar ta same ku kun shirya. Ki kira ƙanenki da daddare ya tabbatar miki ƙarfe nawa ake buɗewa, kuma ki tambaya ko ranar ce ta buɗe taro, don in ita ce akwai jawabai da jiran manyan baƙi, awa ɗayarki ba za ta kai ko'ina ba. Zuwan safe yana da wani amfanin, in an ɗauke wuta hasken taga zai wadatar. Kar ki taɓa zane ko da ya ba ki sha'awa, kuma ki nemi izini kafin ki ɗauki na wani a waya.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni malamin firamare ne a Kano, zan kai ƴan aji biyar su talatin gidan tarihi na Gidan Makama, shin awa biyu ta isa har mu biya marinar Ƙofar Mata?

AMSA: Malam sannu da ƙoƙari. Gidan Makama zaure 11 ne, kuma yara ba sa jure tsayuwa, bayan minti arba'in za ka ga an fara ture-ture da neman ruwa. Kar ka ce sai sun ga komai. Ka raba su gida biyu da wani malamin, ka nemi mai yi wa baƙi bayani ya tsaya da su a wurare kaɗan, tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, labarin ganuwa, da zuwan Turawa a 1903, sannan ka nuna musu ginin kansa, katangar ƙasa da rufin azara, ka gaya musu tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499 gidan yake. Awa ɗaya da kwata ta isa har da ƙirga kawuna a shiga da fita. Marinar kuwa ka bar ta sai wata rana, ko ka ƙara awa guda cur, don lodin yara talatin a mota kaɗai aiki ne. Kuma ban da Juma'a, babban masallaci yana nan kusa, tun sha biyu hanyar take cikewa.