Tambaya da Amsa: Zanen da Ya Ƙi Ƙarewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyon zanen fuskokin mutane da fensir, amma har yau ban taɓa gama ko ɗaya ba. Nakan fara da ido, in yi awa biyu ina gogewa ina sakewa har takardar ta fara ɓarewa, sai in yage ta. Anya ina da baiwar nan kuwa? *Wata ɗaliba, Samaru*

Amsa: Wa alaikumus salam, malama. Mu ajiye maganar baiwa tukuna, domin abin da kika faɗa ya nuna inda gizo ke saƙa: kina farawa daga inda ya kamata ki ƙare. Idon da kika ɓata awa biyu a kansa ba shi da mazauni, tunda ba ki fitar da kan ba. Duk kyansa, da kin zo saka hanci da baki za ki ga ya yi girma ko ya karkace, kuma a lokacin kin riga kin ƙaunace shi, ba kya son taɓawa.

Ga tsarin da za ki bi. Ɗauki fensir HB, ki riƙe shi daga can ƙarshe yadda ba za ki iya dannawa ba. A minti 10 na farko ki fitar da siffar kai gaba ɗaya, ki ja layi daga goshi zuwa haɓa, ki ja wani a kwance. Idanu a tsakiyar kai suke idan an auna daga ƙoƙon kai zuwa haɓa, amma masu koyo sukan ɗaga su sama don sun manta wurin gashi ko ɗankwali ma kai ne. Tsakanin ido da ido akwai faɗin ido ɗaya. Kunne yakan faro daga daidai gira ya sauka daidai ƙasan hanci. Bayan wannan sai manyan inuwoyi da fensir 2B, wanda ya fi HB duhu: ƙarƙashin haɓa, gefen hanci, kwarmin ido. Gashin ido da ƙyallin ƙwayar ido su ne na ƙarshe, da fensir 4B ko 6B da suka fi 2B duhu, kuma kada su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na lokacinki.

Yawan gogewa kuwa yana tayar da fuskar takarda, ta yi gashi-gashi, sai fensir ya riƙa kamawa dabbare-dabbare, wurin ya yi datti. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido. In layi ya kauce, bar shi, ki ja na daidai a gefensa. Wanda ya kauce ɗin shi zai nuna miki iya nisan da za ki matsa, in kin goge shi kuwa sau da yawa hannu wurin zai sake komawa.

Na mako biyu ki ajiye fensir da abin gogewa, ki ɗauki biro da takarda mai arha. Kullum zane 10, kowanne minti biyu, da agogon waya. Awakin unguwa sun isa, ko masu jiran mota a bakin titi, tunda ba za su tsaya ki gyara ba. Kada ki yage ko ɗaya. Rubuta kwanan wata a baya ki adana, sai bayan wata guda ki shimfiɗa su a tabarma ki duba.

Sai ki raba lokacin aiki da lokacin hukunci. Sau uku kawai za ki duba zane da idon mai neman aibi: bayan fitar da siffa, bayan inuwa, da ƙarshe. Ki jingine shi a bango ki ja baya taku uku, ko ki nuna shi ga madubi, don karkatar da ido ya saba da ita takan fito fili idan hoton ya juya. Rubuta kurakurai uku, ki gyara mafi girma, sauran biyun na zane na gaba ne.

Kafin ki sake yage takarda, ki tuna da Bruce Onobrakpeya, wanda ya yi karatun zane a nan Zariya. A 1967 ruwan asid ya lalata masa farantin ƙarfen da yake shirya zane a kai don bugawa. Ya cike ramukan da gam mai ƙarfi, ya buga a haka, kuma daga wannan ɓarnar ya samo salon bugu mai tudu da kwari da ya yi suna da shi.

Tambaya: Ina aiki da fentin ruwa, kuma a gida na koya, ban shiga jami'a ba. In na ga ayyukan mutane a Instagram sai jikina ya yi sanyi, in ɓoye nawa a ƙarƙashin katifa. Launukana ma sukan koma kamar laka. *Wani matashi, Tudun Wada*

Amsa: Ɗan'uwa, mu fara da lakar, don ita ce mai sauƙi. Abu biyu ke kawo ta: haɗa launi fiye da uku a wuri ɗaya, da komawa da buroshi kan wurin da ya fara shan iska amma bai bushe ba. Shafa sau ɗaya ka ɗauke hannu. In kana son ƙara duhu, jira ya bushe ƙayau, sannan ka ɗora wani. Da hunturu takarda kan bushe kafin ka ankara, don haka ka dama launi mai yawa tun farko, ka riƙa bin ƙaramin wuri. Ajiye kofin ruwa biyu, na wanke buroshi da na damu. In da hali ka nemi takarda mai kauri, mai lambar nauyi 300 gsm, domin siririya takan kumbura, ruwa ya taru a kwarinta.

Abin da kake gani a waya kuwa zaɓaɓɓe ne, an ɗauka da haske mai kyau, an ƙanƙanta shi yadda kuskure ba ya fitowa, bidiyon ma an ƙara masa gudu. Waɗanda suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, ɗalibai ne a lokacin a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma ƙarfinsu shi ne zama tare suna muhawara kan abin da suke yi. Kai ma nemi mutum biyu da suka san aikin. Kada ka ce musu “ya yi kyau?”, don kunya za ta sa su ce madalla. Ka ce, “Ina idonka ya fara sauka?” ko “Wane wuri ne bai zauna ba?” Amsar irin wannan tambaya ana iya ɗaukar buroshi a gyara ta.

Tambaya: Ina ɗinkin hula da hannu. Da na ga ɗinki ɗaya ya kauce sai in warware layin duka, har hula ɗaya takan kai ni wata uku. *Wata uwargida, cikin birni*

Amsa: Hajiya, warwara ma tana da nata lahanin: ramin allura yana buɗewa, zare ya yi gashi, farin yadi ya dafe da zufar hannu. Ɗora hular a kan wani, ki tsaya taku biyu daga gare shi, don daga nan jama'a za su gan ta. In kaucewar ba ta fito ba, ci gaba. In kuskuren ƙirge ne da zai hana zanen haɗuwa a inda ya zagayo, wannan kam a warware, amma iya wurin kawai. Ki riƙa tsinke zare kamu ɗaya, don wanda ya fi haka yakan harɗe, kuma ki bar launuka masu kama da juna sai da hasken rana.