Tambaya da Amsa: Yaya Mai Haki Yake Harbi Bai Kuskure Ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Argungu, ina buga ƙwallo a wata ƙaramar ƙungiya ta unguwarmu. A watan Fabrairu na ga wani wasa a waya: Turawa suna zamiya a kan dusar ƙanƙara da bindiga a goye, su yi ta gudu, sai su zube su harbi wasu baƙaƙen ɗigo biyar, su tashi su ci gaba. Wani abokina ya ce magani suke sha mai kwantar da zuciya, wani kuma ya ce tsakanin bugun zuciya ɗaya da na gaba suke harbi. Ni kuwa in aka ba ni fenareti ana dab da tashi, ƙirjina dukan uku-uku yake yi, ƙafata na rawa. Don Allah mene ne sirrinsu?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi albarka. Abin da ka gani sunansa biyatalon, kuma da alama gasar Olamfik ta lokacin sanyi ce ta 2026 da aka yi a Italiya, inda aka gudanar da wannan wasa a Antholz, can cikin tsaunuka. Asalinsa atisayen sojojin Norwe ne masu sintiri a kan ƙanƙara. Ya shiga Olamfik a 1960 a Squaw Valley ta Amurka, mata kuma suka fara a 1992 a Albertville ta Faransa. Ni dai tsohon malamin motsa jiki ne, aikina koya wa yara gudu a nan Birnin Kebbi, amma babu wasan da nake yawan ba su misali da shi kamar wannan, domin matsalarka da ta 'yan biyatalon ɗaya ce.

Bari ka fara ganin girman aikin. Tazarar harbin mita 50 ce. In ɗan wasa ya kwanta ruf da ciki, faɗin abin da zai sama santimita 4.5 ne kacal, kusan bakin ƙaramin kofin shayi. In a tsaye ne, santimita 11.5. Bindigar ba ta gaza kilo 3.5, kuma ba ta da madubin da ke jawo nesa kusa, ta wata 'yar kafa ake leƙawa. A gajeren tsere maza na cin kilomita 10, mata 7.5, kuma duk harsashin da ya kauce sai mutum ya yi zagayen horo na mita 150, wanda ke cin daƙiƙa 20 zuwa 30. A dogon tsere na kilomita 20 kuwa, minti ɗaya cur ake ƙara masa. Yana isowa wurin harbin zuciyarsa ta daɗe tana buga 170 ko 180 a minti, ko ma fiye.

To, ba jira suke yi zuciya ta kwanta ba. Wanda ya tsaya jiran haka, kafin ya farga an bar shi a baya. Gwanayensu suna gama harbi biyar cikin daƙiƙa 25 zuwa 30, kuma lokacin da suka saki harsashin farko zuciyar tana nan tana dukan ƙirji da ƙarfi. Abin da suka koya shi ne yin aiki mai kyau a cikin wannan hali.

Aikin yana farawa tun kafin a iso. In ka sake kallo, lura da su in sun doso fili: sai ka ga sun ɗan sassauta, sun miƙe daga sunkuyo, sun bar katakan zamiya suna ɗaukarsu, suna zuƙar iska har ciki suna fitarwa a hankali, ido na kan ƙananan tutocin da ke nuna inda iska ke kaɗawa. Sassautawar kaɗan ce, kuma kowa ya san gwargwadon tasa. Daga nan komai a jere yake, ba canji: ya durƙusa kan shimfiɗa, ya sauke bindiga daga baya, ya buɗe murfin da ke kare ta daga ƙanƙara, ya sa gidan harsashi, ya maƙala maɗaurin bindiga a zoben da ke damtsensa na hagu, ya kwantar da kunci. Wannan maɗauri shi ke ɗaukar nauyi, tsoka ta huta, domin tsokar da ta gaji rawa take yi. A tsaye ma haka ne: sai ya turo ƙugu gaba ya ɗora gwiwar hannu a kai, ƙashi ya hau kan ƙashi. Duk da haka harbin tsaye shi ne inda aka fi zubar da gasa, saboda ƙafafun da suka sha gudu su ne ke riƙe da mutum.

Sai numfashi, wanda a ganina shi ne kan gaba. Zuciya ba ta jin umarnin mutum kai tsaye, amma numfashi yana ji, kuma akwai wata jijiya da ake kira begas, da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya zuwa ƙirji, aikinta taka wa zuciya birki. Duk lokacin da ka fitar da numfashi, bugun yana ɗan raguwa. Ka gwada yanzu: ɗora yatsu biyu a gefen maƙogwaronka, ja numfashi, sannan ka sake shi a hankali, za ka ji bambancin. Shi ɗan biyatalon in yana kwance, bakin bindiga na motsi tare da kowane numfashi. Sai ya ja ɗaya ko biyu, ya fitar da mafi yawan iskar, ya dakata kamar daƙiƙa ɗaya, saitin ya zauna kan baƙin ɗigo, ya ƙarasa matsa kunamar da tuni yatsansa ya ɗauke mafi yawan nauyinta. In ya riƙe numfashin ya daɗe, jikin da ke yunwar iska zai fara karkarwa, ido ya dushe. Shi ya sa in saiti bai zauna ba gara ya sake numfashi da ya nace.

Maganar abokinka ta harbi tsakanin bugu da bugu tana da tushe a wurin maharban da ke tsaye wuri ɗaya, zuciya na tafiya a natse. Amma yi lissafi: bugu 160 a minti ya kusa bugu uku a daƙiƙa guda. Wa zai tsaya zaɓen tsakani a nan? Wasu masu horarwa ma suna ganin in bugun ya sauko da yawa farat ɗaya, kowane bugu sai ya yi nauyi ya riƙa girgiza bindiga fiye da lokacin da yake sauri.

Batun magani kuma, ina roƙonka ka cire shi daga ranka. Gaskiya ne akwai magungunan hawan jini masu rage bugun zuciya, irin su furofanolol, kuma an haramta su a wasan harbi. A Olamfik ta Beijin a 2008 an ƙwace lambobi biyu daga hannun Kim Jong-su na Koriya ta Arewa saboda shi. Amma ga mai tseren kilomita 10 wannan magani cuta ne, domin zai hana zuciya kaiwa inda gudu ke buƙata. Ga mai asma kuwa yana iya toshe numfashi. Kada wani ya raka ka kemis.

Abin da ke aiki shi ne horo na shekaru. Zuciyar da ta saba dogon gudu tana tura jini mai yawa a bugu ɗaya, kuma tana saurin saukowa in an tsaya. Da bazara, babu ƙanƙara, suna gudu da takalma masu taya a kan kwalta, su zo su yi harbi suna haki. A gida kuma su riƙa ɗaga bindiga babu harsashi suna maimaita jerin nan har hannu ya haddace. Ole Einar Bjoerndalen na Norwe, wanda ya ci zinare huɗu a Salt Lake City a 2002, ya tara lambobin Olamfik 13, yana da shekara 40 ya ci zinarensa na ƙarshe a 2014.

Yanzu ga naka. Laifin da nake gani a filayenmu shi ne, yara suna koyon fenareti a farkon atisaye, jiki a sake, ana raha. Ranar wasa kuma a minti na 88 za a ba ka, ka gaji, jama'a na ihu. Ka juya tsarin. Yi gudu mai ƙarfi daga wannan raga zuwa waccan ka dawo, ɗauki ƙwallo da hannunka, ajiye ta, ja da baya taku iri ɗaya kullum, zaɓi kusurwa tun kafin ka ɗago kai, fitar da dogon numfashi ɗaya, ka buga. Kada ka canja shawara a hanya. In alƙali ya busa, ba dole ka ruga nan take ba, numfashin nan guda haƙƙinka ne.

Ka riƙa auna kanka kuma. Da ka tsaya daga gudu, ƙirga bugun wuyanka na daƙiƙa 15 ka ninka sau huɗu, bayan minti ɗaya ka sake, ka rubuta a littafi. In horo na kama jiki, tazarar lambobin biyu za ta riƙa faɗaɗa. Ka tuna zafinmu na Maris da Afrilu yana haura digiri 40, kuma ƙarancin ruwa a jiki yana ƙara wa zuciya sauri, don haka atisaye da sassafe ko bayan la'asar, da ruwa a kusa. In kuwa ka taɓa jin ciwon ƙirji, ko jiri, ko ka suma a fili, ka dakatar da wasa ka ga likita kafin ka koma.