Wuƙa da takalmi ka saya, sauran ka tsinto

Ka ce ba ka da kuɗin kayan shiga daji irin waɗanda kake gani a waya, wai in jero maka masu araha da za ka fara da su. Yaro, wanda ya tara kaya kafin ya iya hura wuta ɗan dako ne, ba ɗan daji ba. Amma tunda ka tambaya, kuma ka fama min wani tsohon miki, zauna ka ji.

Wuri biyu kuɗinka za su tafi: wuƙa da takalmi. Takalmi ba sai na yi maka bayani ba, ƙafarka za ta koya maka. Wuƙa kuwa ka nemi wadda ba ta naɗewa, bakinta kamar santimita 10, ƙarfen ya ratsa can cikin ƙota, in so samu ne har ƙarshe. A garin Mora na ƙasar Suwidin tun 1891 suke ƙera irin wannan, ba ado ba ƙyalli, kuma tana cikin mafi arahar wuƙaƙen kirki. In ba ka same ta ba, maƙerin da ya san aikinsa zai fitar maka da wadda ta fi ta daga tsohon sifirin mota. Baƙin ƙarfe yana tsatsa, to sai me? Ka share ka shafa mai. Ladansa shi ne yana ɗaukar kaifi da wuri, ko a gindin kofin tangaran, zoben nan mai kaushi, za ka wasa shi, ka goge a bel ɗin fata.

Irin ta sifirin nan nake da ita, kuma ba ɓata ta yi ba, raba ni da ita aka yi.

Wani mutum ne ya zo da mota mai sheƙi, wai in shiga da shi daji in koya masa zaman cikinsa. Muka yi ciniki, ya ba da kafin alƙalami, ciko sai mun fito. Da ya zazzage jakarsa, kusan komai da takardar kanti a jiki: tanti, murhun gas, tocila iri-iri, sai wata ƙatuwar wuƙa irin wadda finafinan Amurka suka yayata a shekarun 1980. Ƙotarta rami ce, an cusa ashana da ƙugiya da zare a ciki, ɗan kamfas a marfin, bayanta haƙoran zarto. Na karɓa na girgiza, na ji tana ƙas-ƙas. Na ce, ranka ya daɗe, ai wannan ba ta da jela, noti ɗaya ne ke riƙe da bakin. Sai ya yi dariya ya faɗa min nawa ya saye ta, kamar kuɗin ne zai yi yankan.

Yammar farko hadari ya haɗo. Na ce ya tsaga itace mu samu busasshen ciki. Ya ɗora wuƙar a kan gungume, ya ɗaga sanda ya buga bayanta. A bugu na biyu baki ya yi gabas, ƙota ta rage masa a hannu, ashanar suka zube cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa. Ya ce ba komai, akwai murhu. Aka ciro, ashe bakin gwangwanin gas ɗin bai dace da kan murhun ba, bai taɓa haɗa su a gida ya gani ba. Ga ruwa ya sauko. Ni na zaro guntun robar tsohon tub na keke daga aljihu na kunna, da ita aka ci abinci a daren nan.

Da safe ya shiga lallami, in ara masa tawa ya koyi sassaƙa. Wuƙar nan, yaro, ƙotarta har ta yi kwarmi daidai inda babban yatsana ke zama. A bayanta kusa da ƙota akwai wani ɗan tsagi da na yi da magagari don ƙyasta wuta. Maƙerin da ya yi ta ya rasu, kuma har yau ban ga wanda ya iya shayar da ƙarfe kamarsa ba: ba ta ɓarewa, ba ta lanƙwasa. Baƙo ne a hannuna, na ba shi. Ya yi ta yabo, wai bai taɓa riƙe abu mai daɗin hannu haka ba, har muka fito tana rataye a ƙugunsa. A bakin hanya ya ce in ɗan jira ya ɗauko min ciko a mota. Ina tsaye ina kwance igiyar kaya na ji an tada inji.

Na kira, ya ce mantuwa ce, zai aiko. Na sake kira, yana taro. Daga nan wayar ta daina shiga. Bayan wani lokaci wani yaro ya nuna min hotonsa a Facebook, ya harɗe a gaban wutar da ni na hura, wuƙata a cinyarsa, tsagin nan ana ganinsa ƙarara, ya rubuta yadda ya tsira a daji da dabararsa, mutane suna ta jinjina masa. Cikon na bar wa Allah. Wuƙar ban yafe ba. In na ji ka ara wa wani taka, ko ɗan uwanka ne, kada ka ƙara zuwa wurina.

Ina muka tsaya? Wuta. Laita biyu masu araha, ɗaya a aljihu, ɗaya a ƙulle cikin leda a jaka. Robar tub tana ci ko ta jiƙe. Auduga da aka cuɗa da man basilin tana ci na 'yan mintuna, ya isa ƙirare su kama. Kuma in gas ya ƙare kada ka yar da laitar. Ɗan dutsen da ke cikinta, wanda wani Ba'ostiriye mai suna Carl Auer von Welsbach ya haɗa a 1903, shi ne dai sandan ƙyastun da tsaranka ke rataya a wuya suna ɗaukar hoto. Ka yayyaga busasshiyar auduga ka ƙyasta mata, za ta kama. Yadda ake jera itace kuwa, in sai an koya maka to ka nemi wata sana'ar.

Tukunya gwangwani ce, ka huda gefe biyu ka sa mata waya. Ka fara ƙona ta wayam a fili, don yawancinsu akwai shafen roba a ciki. Wadda ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko fenti, ko ka wanke ta sau nawa, ba ta abinci ba ce. Ruwa ya tafasa sosai minti 1, in kana kan tsaunin da ya wuce mita 2,000 ka ba shi minti 3. In babu wuta, ka cika gorar roba mai garai-garai wadda ba ta wuce lita 2 ba, ka kwantar da ita a rana awa 6, in da gajimare kwana 2, amma fa sai ruwan ba shi da laka. Matatar yashi da gawayi da kuke gani a bidiyo laka take cirewa, ba ta kashe ƙwayar cuta. Ka tace, sannan ka tafasa.

Tanti bar shi tukuna. Tamfol mai mita 3 kowane gefe da igiyar nailan sun isa, manyan ledojin shara biyu ma sun fitar da kai dare ɗaya: guda ka huda ka sa a matsayin rigar ruwa, guda ka cika da busasshen ganye ka kwanta a kai. Sabon shiga sama yake rufewa ya manta ƙasa, alhali ƙasa ce ke zuƙe ɗumin jiki, balle in rigar auduga ta jiƙe a jikinka.

Ku 'yan yanzu tocilarku waya, taswirarku waya, in batir ya mutu kun zama marayu. Ka sayi usur na roba, busa uku a jere alamar neman taimako ce, kuma yana kai inda muryarka ba ta kai. Kafin ka fita ka faɗa wa wani inda ka nufa da ranar dawowa.

Gobe da sassafe ka zo da gwangwaninka da robar tub. Zan watsa wa itacen bokitin ruwa, ka tafasa min ruwa a kansa ina kallo. Wayar ka bar ta a gida.