Amsa: Su wane ne Goffin da King?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa ake yawan ganin "Goffin/King" a jikin tsofaffin faya-fayen Amurka, ko sunan mawaƙi ɗaya ne. A'a, miji da mata ne: Gerry Goffin da Carole King. Sun yi aure a 1959, tana da shekara 17. Shi ke tsara baitoci, ita kuma ta zauna gaban fiyano ta ɗora musu kari.

Aikinsu rubuta wa wasu waƙa ne, a kamfanin Aldon Music da ke New York, inda marubuta ke zama a 'yan ƙananan ɗakuna, kowa da fiyanonsa, kana jin kiɗan maƙwabcinka ta bango. A nan suka rubuta "Will You Love Me Tomorrow" wadda ƙungiyar mawaƙa mata ta Shirelles ta rera a 1960, waƙar ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin Amurka. Abin da ke burge ni, namiji ne ya rubuta fargabar budurwa a waƙar, kuma babu inda ya kuskure. Ko mai rainon 'yarsu, Little Eva, sai da suka mayar da ita tauraruwa da "The Loco-Motion" a 1962. Mawaƙan nan na Ingila, Beatles, ma sun rera waƙar Goffin da King mai suna "Chains" a faifansu na farko.

Auren dai bai ɗore ba, sun rabu kafin 1970. Carole ta yi fice a matsayin mawaƙiya da faifanta Tapestry a 1971, Goffin kuwa ya ci gaba da rubuta wa wasu har da Whitney Houston. Ya rasu a 2014.